Shin akwai amfani a yi wa ɗan majalisa magana bayan an gama zaɓe?

Wani malamin makarantar firamare ya aiko da tambaya kamar haka: "Shekara biyu ke nan da muka zaɓi ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓarmu, kuma tun ranar ba mu sake ganinsa ba sai a fosta. Iska ta yaye rufin asibitin garinmu, hanyar da ta haɗa mu da hedikwatar ƙaramar hukuma kuma ta lalace. Wasu suna cewa mu rubuta masa wasiƙa, wasu suna cewa ɓata takarda ne kawai, gara mu yi masa kiranye ko mu jira zaɓe mu kayar da shi. Wanne ne daidai?"

Malam, akwai amfani, kuma a ganina rubuta wasiƙar ya fi sauran shawarwarin biyu kusa da biyan buƙata, amma da sharaɗin a san wanda za a rubuta wa, da abin da za a nema, da lokacin da za a nema. Kafin in kai ga wannan, yana da kyau a tuna da abin da ƙuri'a take iya yi da abin da ba ta iya yi. A ranar zaɓe, abin da kowa ya yi shi ne dangwala yatsa a gefen alamar jam'iyya, kuma wannan dangwalen bai ƙunshi bayanin rufin asibiti ko ƙarin haraji ko ƙarancin malamai ba. Ƙuri'a tana ɗora mutum a kan kujera ne ta koma gida. Daga nan zuwa shekara huɗu, wannan mutum zai zauna a kwamitoci, zai goyi bayan ƙudurori ko ya ƙi su, zai kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗi sau huɗu, kuma a duk waɗannan matakai akwai masu yi masa magana a kunne. 'Yan kwangila suna zuwa ofishinsa, shugabannin jam'iyya suna kiransa, ubangidansa na siyasa yana aiko masa da saƙo, manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati suna turo wakilansu da takardu a shirye. Idan mutanen mazaɓa suka yi shiru, kunnen wakilinsu bai huta ba, wasu ne suka cike gurbin da suka bari, kuma a aikace waɗanda yake ji su ne yake wakilta.

Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya faɗi wannan a fili. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun ikonta, sannan ya ƙara da cewa wajibi ne a tabbatar da shigar jama'a cikin harkar gwamnatinsu. Sai dai lissafin wakilci shi kansa yana nuna wahalar da ke ciki. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, Majalisar Dattawa tana da 109, wato uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, kuma waɗannan mutane 469 su ne suke magana da yawun al'umma da ta haura miliyan 200. Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana da 'yan Majalisar Wakilai 24, saboda haka da yawa daga cikinsu ƙananan hukumomi biyu ko uku suke riƙe da su. Ko da wakili yana da kyakkyawar niyya, ba zai san kowane rufi da ya yaye ba sai an gaya masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma in faɗi gaskiya, mutanenmu ba su daina magana da 'yan majalisa ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan majalisa da safe a lokacin hutun salla ya ga abin da nake nufi. Tun kafin rana ta yi zafi an shimfiɗa tabarmi, ƙofa ta cika. Wannan yana riƙe da takardar magani da likita ya rubuta wa mahaifiyarsa, wancan yana da katin ɗaurin aure, wani saurayi ya naɗe takardun makarantarsa a cikin leda yana neman a sama masa aiki, wata dattijuwa kuma tana jiran kuɗin mota. Wani yaron gidan yana shiga yana fita da ambulan, wanda ya samu ya yi addu'a ya tafi, wanda bai samu ba ya tafi yana cewa Honorabul ya canza. A cikin mutum ɗari da suka zo, da wuya ka sami ɗaya da ya zo tambayar matsayin da wakilin ya ɗauka a kan wani ƙuduri, ko abin da aka ware wa mazaɓar a kasafin bana.

Ban ga laifin mai takardar magani ba, domin talauci ne ya kai shi, kuma da asibiti yana aiki da bai je ba. Sai dai ya kamata mu gane abin da wannan irin magana take haifarwa. Tana mayar da wakili ubangida, tana mayar da mai zaɓe mai roƙo, kuma wanda ya karɓi ambulan yau bakinsa ya yi nauyin tuhuma gobe. Tana kuma koya wa ɗan siyasa cewa hanya mafi arha ta riƙe kujera ita ce raba ɗan abin da ya sawwaƙa ga mutane ɗai-ɗai, maimakon wahalar bin ma'aikata har a gyara asibitin da dubban mutane za su amfana da shi. Kuɗin ambulan ɗin nan kuma daga wani wuri zai fito, kuma ba sai na faɗi inda ake yawan samo shi ba. Mun gaji al'adar kai kuka wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, inda talaka yake durƙusawa ya nemi alfarma, sai muka ɗauko ta yadda take muka kawo wurin mutumin da mu ne muka ɗauke shi aiki. Tun a 1950 da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, abin da su Malam Aminu Kano suka yi ta ƙoƙarin cusa wa talaka ke nan, cewa yana da haƙƙin tambaya ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma har yanzu darasin bai gama zama ba.

Akwai hujjoji a tarihinmu na kusa da suke nuna cewa 'yan majalisa suna sauya matsayi idan suka ji muryar mutanensu. A 2006, lokacin da aka kawo gyaran Tsarin Mulki wanda zai bai wa Shugaba Olusegun Obasanjo damar yin tazarce zuwa wa'adi na uku, an nuna muhawarar Majalisar Dattawa kai tsaye a talabijin, a ƙarƙashin shugabancin Sanata Ken Nnamani. Kowane sanata ya miƙe ya yi magana ne da sanin cewa mutanen garinsu suna kallonsa, kuma zai koma cikinsu. A ranar 16 ga Mayu, 2006, majalisar ta yi watsi da ƙudurin. Haka kuma ƙudurin da Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo a 2015, wanda jama'a suka ɗauka a matsayin yunƙurin toshe bakin masu amfani da kafofin sada zumunta, an janye shi a 2016 bayan adawa ta yi yawa. Makamancinsa da Sanata Mohammed Sani Musa ya gabatar a 2019 ya kai matakin jin ra'ayin jama'a a watan Maris na 2020, inda mafi yawan waɗanda suka yi magana suka ƙi shi, kuma bai zama doka ba.

Misalin da ya fi koyar da dabara shi ne na matasan da suka nemi a rage shekarun tsayawa takara. Gyaran Tsarin Mulki abu ne mai wuya da gangan, domin sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja sun amince, sannan majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36 su ma su amince. Matasan, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Yiaga da abokan tafiyarta, ba su tsaya ga zanga-zanga kaɗai ba. Sun nemi 'yan majalisar da za su ɗauki nauyin ƙudurin, Tony Nwulu a Majalisar Wakilai da Abdul'aziz Nyako a ta Dattawa, sannan suka bi wakilai ɗaya bayan ɗaya da wasiƙa da waya da ziyara, suna bayyana wa jama'a wanda ya goyi baya da wanda ya noƙe. Majalisar dokokin jihar Taraba ta fara ƙin amincewa, daga baya ta sauya matsayi da matsin ya yi yawa. A ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu, shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Abin lura shi ne buƙatarsu ɗaya ce tak, a rubuce take, kuma sun yi kusan shekara biyu ba su sake ta ba. Gaskiya ne suna da ƙungiyoyi da 'yan jarida a bayansu, abin da ƙauyenku ba shi da shi, amma abin da ya motsa 'yan majalisar shi ne tsoron a kira sunansu a gaban masu zaɓensu, kuma wannan tsoron yana nan a kowace mazaɓa. A zaɓen 2023 fiye da rabin 'yan Majalisar Tarayya ba su koma kujerunsu ba, kuma waɗanda suke ciki yanzu sun san da haka.

Game da kiranye, wato masu zaɓe su sauke wakilinsu kafin wa'adinsa ya ƙare, ina ba ku shawarar kada ku ɓata ƙarfinku a kansa. Sashe na 69 ya tanadi cewa sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A ƙasar da waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, tara rabin masu rajista jan aiki ne ƙwarai. An gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, kuma da aka zo tantancewa a watan Afrilu na 2018, sa hannun da aka tabbatar bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. An sake gwadawa a 2025 a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, INEC ta ce takardar ba ta cika adadin da doka ta nema ba. Jiran zaɓe kuwa yana nufin damina biyu za su ƙara sauka a cikin asibitin nan, kuma wanda zai gaji kujerar shi ma zai fara ne da jin muryar waɗanda suka riga ku isa wurinsa.

Yanzu ga matsalarku. Kuskure na farko da ake yawan yi shi ne kai kuka gidan da ba nan maganinsa yake ba. Asibitin matakin farko yana hannun ƙaramar hukuma ne da hukumar lafiya ta matakin farko ta jiha, haka ma hanyar karkara galibi ta ƙaramar hukuma ce ko ta jiha, sai fa idan babbar hanyar tarayya ce. Saboda haka kansilan mazaɓarku da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar dokokin jiha sun fi ɗan Majalisar Wakilai kusa da wannan rufin. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuna da ƙarin dalilin tambayar shugaban ƙaramar hukuma abin da ya shigo da inda ya tafi. Wannan bai wanke wakilinku na Abuja ba, domin akwai ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a kasafin tarayya kowace shekara, kuma 'yan majalisa ne suke zaɓar abin da za a yi da inda za a yi shi. A ƙa'ida ba shi ne yake bayar da kwangilar ba, ma'aikata ko hukumar da aka sa aikin a ƙarƙashinta ce take bayarwa, amma shi ne yake da ikon cewa gyaran asibiti za a yi ko rabon babura da keken ɗinki. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin diddigin waɗannan ayyuka, ƙungiyar BudgIT kuma tana da shirin Tracka da yake nuna wa jama'a ayyukan da aka rubuta da sunan yankinsu. Yana da kyau ku fara dubawa, domin ba abin mamaki ba ne ku tarar an taɓa sa gyaran asibitin naku a kasafi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Shugaban ƙasa da gwamnoni sukan gabatar da kasafi ne a watannin ƙarshen shekara, daga nan kwamitoci su zauna da ma'aikatu. Wasiƙar da ta isa a watan Agusta ko Satumba tana iya shiga lissafi, wadda ta isa bayan an sa hannu kuwa sai dai a ce muku sai baɗi.

Na taɓa taimaka wa wata ƙungiyar ci gaban gari a kan rijiyar burtsatse da aka fara aka watsar. Sun riga sun je gidan wakilinsu sau uku, kowane zuwa a ba su ruwa da kuɗin mota a ce an ji. A karo na huɗu muka zauna a zauren mai unguwa muka rubuta shafi ɗaya kacal: sunan aikin, shekarar da aka fara shi, halin da yake ciki, da abu guda da ake nema, wato a gaya musu hukumar da take riƙe da aikin da ranar da za a dawo. Aka haɗa da hotuna biyu, limami da shugabar mata da wakilin matasa da mai unguwa suka sa hannu, wasu kuma suka dangwala. Sakataren ƙungiyar ya kai kwafi biyu ofishin mazaɓa, ya ƙi tafiya sai da ma'aikacin ya buga hatimi ya rubuta kwanan wata a kan kwafin da zai dawo da shi, abin da ya ɗauki kusan awa biyu ana ce masa oga ba ya nan. Wannan kwafin mai hatimi shi ne ya sauya zancen, domin bayan wata guda da shiru, da suka je gidan rediyo, ba zargi suka je yi ba, takarda suka karanta da kwanan watanta. Hadimin wakilin ya kira su a cikin makon. Rijiyar ba ta samu nan take ba, ta ɗauki watanni, amma daga ranar an daina sallamarsu da kuɗin mota.

Idan wasiƙa ba ta yi aiki ba, akwai matakai a gaba. Kowane ɗan ƙasa yana iya rubuta koke ga majalisa, wani ɗan majalisa ya gabatar da shi a zaure, a miƙa shi ga kwamitin sauraren koke-koken jama'a, wanda yake iya gayyatar hukumar da ake kuka da ita ta zo ta yi bayani. Sashe na 88 da na 89 su ne suka bai wa Majalisar Tarayya ikon bincike da kiran shaidu, majalisun jihohi ma suna da irinsa. Matsayar kwamiti ba hukuncin kotu ba ce, amma babu daraktan da yake jin daɗin a kira shi gaban majalisa a kan aikin da ya karɓi kuɗinsa. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, wadda ta wajabta wa hukumar gwamnati amsa buƙatar bayani a rubuce cikin kwana 7, ko da yake a aikace sau da yawa sai an yi ta bibiya. Zaman jin ra'ayin jama'a da ake yi bayan karatu na biyu na ƙuduri shi ma a buɗe yake ga kowa, kuma wanda ba zai iya zuwa Abuja ba yana iya aika ra'ayinsa a rubuce, ko ya halarci na majalisar jiharsa.

Rediyo da Facebook suna da nasu amfanin, musamman a Arewa inda shirye-shirye irin su Inda Ranka na Freedom Radio suka saba kai kukan jama'a kunnen hukuma. Sai dai a nan ne tarko yake. Da zarar magana ta koma zagi, ko aka bar sojojin baka na ɓangaren adawa suka ɗauke ta, wakilin ya sami mafita, zai ce siyasa ce kawai, magoya bayansa kuma za su taso su kare shi, asibitin ya ɓace a cikin hayaniya. Shi ya sa nake so masu sa hannu su haɗa da waɗanda suka zaɓe shi da waɗanda ba su zaɓe shi ba, kuma kada a bar mata a baya, tun da su ne suke kwana a asibitin da masu naƙuda da yara, su ne kuma suka fi tsayawa a layin zaɓe a garuruwanmu da yawa. Haka kuma kada a tura mutum ɗaya shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutum ɗaya yana da sauƙin saye ko tsoratarwa.

A matsayinka na ma'aikacin gwamnati, Malam, ya fi maka sauƙi wasiƙar ta fito da sunan ƙungiyar gari ko kwamitin ci gaban mazaɓa da yake kula da asibitin, kai kuma ka taimaka da rubutu. Ku raba maganar gida biyu: rufin asibiti a wasiƙa ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, da kwafi ga ɗan Majalisar Wakilai kuna neman ya sa gyaran a ayyukan mazaɓa na kasafi mai zuwa, hanya kuma a wata wasiƙar daban bayan kun tabbatar da hukumar da take da ita. Ku sa wa'adin mako huɗu a cikin ladabi, ku nemi zama da wakilin a lokacin hutun majalisa a cikin garinku maimakon a ƙofar gidansa, kuma idan ya zo, a zagaya da shi ɗakin haihuwa ya ɗaga kai ya ga sama ta inda rufin ya kamata ya kasance.